Doki Ba Ya Tsare Kansa

Ɗana, na ji labari kana buga dara bayan la'asar, in ka fito daga karatu a jami'ar tarayya ta Dutsin-Ma. Na ji daɗi. An kuma ce kana saurin ɗaura doki, amma dattawan Kurfi na karya maka shi kafin ka ci uku. Kada ka damu. Hannunka na da kyau, tsaro ne bai zauna maka ba tukuna.

Gurbi 30 ne, kowa da 'ya'ya 12. Doki 'ya'ya biyar kawai yake buƙata: biyu a layi, biyu a layin da ke kusa, sai ɗaya mai kai da komo, duk inda ya sauka ya cika uku. To, sauran bakwai fa? Su ne ba ka ba aiki ba. Kana barinsu warwatse, ko ka tura su farauta can nesa.

Ka tuna 'yan lifidi da kake gani a hawan sallah na Katsina, ranar da Yandaka ke zuwa daga Dutsin-Ma, Maradi kuma daga Kurfi. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya hau mulki wajen 1390, shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Mutum da dokinsa a lulluɓe cikin tufa mai cushe da auduga, kibiya ba ta huda shi da sauƙi. Amma nauyi ya hana shi sauri, in ya faɗo sai an ɗaga shi, kibiya mai wuta kuwa ita ce ajalin auduga. Shi ya sa ba a sakinsa shi kaɗai. 'Yan baka da dakaru na gaba, zagage na gefe. A Tabkin Kwatto, cikin 1804, Yunfa Sarkin Gobir ya zo da dawakai masu lifidi, jama'ar Shehu kuwa dawakinsu kaɗan ne, amma maharba suka ci ranar. 

Mu koma ƙasa. Duk lokacin da ɗanka mai kai da komo ya matsa, ya bar gurbi a buɗe, kuma abokin wasanka na da taku ɗaya. In yana da ɗa a maƙwabcin gurbin, sai ya faɗa ciki, doki ya mutu. Saboda haka ka ƙirga ƙofofi tun ana jera 'ya'ya. Doki a tsakiyar fili ƙofa huɗu gare shi. A bakin iyaka, uku. In kai da komon ya faɗa a kusurwa, ƙofa ɗaya tak. Iyakar fili katanga ce da ba ka biya ko sisi ba, me zai hana ka jingina da ita?

Ga inda yara ke tuntuɓe. Sai su ɗauki mai gadi su dasa shi a bakin layin, daf da gurbin. In ɗan ya dawo, layi ya zama huɗu, huɗu kuwa ba ta ci. Da hannunsu sun kashe dokinsu, dara ta ci gida. Ƙofar da ke sama ko ƙasa da gurbin, ita ake toshewa kai tsaye. Wadda ke kan layi, sai ka ja baya da gurbi ɗaya, ka tare hanyoyin da ke kaiwa gare ta.

Sai zaɓen abin ci. Na san daɗin ɗauke ɗan da ya daɗe yana ba ka haushi, kowa ya taɓa jin wannan. Ka danne zuciya. Fara cire wanda ya fi kusa da ƙofarka. Bayansa, wanda zai cika wa abokinka uku, don in ya ci sau ɗaya, ba mai gadi zai ɗauka ba, ɗaya daga cikin biyun da ke jira zai zare, tunda a yawancin wurare ba a taɓa ukun da ke jere. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, ɗana.

Wani lokaci mai gadi zai tafi. Bar shi ya tafi, aikinsa ke nan. Ɗa ɗaya da ya jinkirta abokin wasa taku biyu ya saya maka ci biyu. Abin da ban so shi ne ka janye shi daga bakin aiki don ka hango wani ci a can gefe.

In ka je Kurfi, ka gai da dattawan, ka zauna a gefe ka kalli wasa biyu ko uku kafin ka karɓi kara. Kada ka bi hannun da ke ci da ido. Dubi 'ya'yan da mai gida bai taɓa ba tun farkon wasa, ka tambayi kanka wace hanya kowanne ya tare. Kuma ka tambaye su dokar garin kafin a fara, don dara takan ɗan bambanta daga gari zuwa gari.