Kukan Sitiyarin Mota da Maganinsa

Ka sani, ya kai mai karatu, sitiyari matuƙar yana da lafiya ba a jin motsinsa. Saboda haka duk ranar da ka murɗa shi ka ji wani sauti wanda ba ka saba ji ba, wajibi ne ka kashe rediyo, ka sauke gilashi, ka kasa kunne, domin bakanike, komai ƙwarewarsa, da bayanin direba yake fara bincike. Abin da ake so ka kiyaye shi ne lokacin da kukan yake fitowa, ko mota tana tsaye, ko tana cikin kwana, ko kuwa sai ta faɗa rami.

Galibin abin da ke kai mutane gareji shi ne gurnani, wanda yakan tashi idan an murɗa sitiyari mota tana tsaye. Sababinsa kuwa, a motocin da sitiyarinsu ke aiki da mai, akwai wani famfo da inji yake juyawa da bel, shi ke tura mai da ƙarfi ya sauƙaƙa wa hannun direba, to, idan man nan ya ragu har famfon ya soma zuƙar iska, sai ya shiga kuka, sitiyarin kuma ya yi nauyi. Ka kashe inji, ka buɗe bonet, ka nemi ɗan tankin man sitiyari, ka duba ko man yana tsakanin zane biyu da aka yi a jikinsa. In ka ga kumfa, iska ta shiga. In ka ga ya yi baƙi yana ƙauri, ya tsufa, sai canji. Amma kada ka ƙara mai ka kama gabanka, gama wannan mai ba ƙonewa yake yi kamar fetur ba, idan ya ragu, lalle akwai inda yake yoyo. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin gaban motar da dare, da safe ɗigon zai nuna maka wurin, ko tiyo ne, ko famfon, ko bakin rak. Bayan an toshe yoyon, a ɗaga tayoyin gaba, inji a kashe, a yi ta murɗa sitiyari sannu a hankali daga ƙarshen dama zuwa ƙarshen hagu, ana cika tankin, har kumfar ta ɗauke.

A nan akwai mas'ala wadda mutane suke wasa da ita, wato irin man da za a zuba. Motoci da yawa suna shan jan man giya na otomatik, alhali kuwa Honda tana da nata na musamman, don haka a karanta abin da aka rubuta a murfin tankin. Man birki kuwa, ko kusa, domin yakan lalata robobin ciki. Haka nan riƙe sitiyari a ƙure, ana danne shi bayan ya kai iyaka, yana wahalar da famfo ba gaira ba dalili. Motocin zamani da yawa sitiyarinsu da lantarki yake aiki, ba su da tanki ko famfo, wannan bayani bai shafe su ba.

Ƙara mai tsini, musamman da sanyin safiya ko bayan an ratsa ruwa, bel ne yake sulɓi. A ɗaure shi, in ya tsattsage a sake wani.

Akwai kuma ƙwas-ƙwas-ƙwas da ake ji idan an karya kwana sosai ana tafiya a hankali, wanda sau da yawa akan ɗora wa sitiyari laifinsa, alhali kan shaf ne ya cinye. Wannan illa ta motocin da ke ja da tayoyin gaba ce, irin su Golf da Corolla. Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, da baya take ja, shi ya sa tsofaffin direbobi ba su san wannan kuka a gabanta ba. Asalinsa robar da ke rufe kan shaf ce take yagewa, giris ya watse, ƙurar hunturu da ruwan damina su shiga su ci ƙarfe. Wanda ya leƙa bayan taya ya ga giris ya fantsama, ya sake robar nan da nan, ya tsira da kuɗinsa.

Duk waɗannan dukiya suke ci. Wanda yake cin rai shi ne ƙwanƙwasar da ake ji a gaba idan mota ta faɗa rami ko ta hau gargada, tare da sakin sitiyari, har mutum ya murɗa kaɗan tayoyi ba su amsa ba. A ɗaga motar da jak, a tokare ta da abin da ba zai goce ba, gama ba ya halatta mutum ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Sa'an nan ka kama taya da hannu biyu, ɗaya a gabanta ɗaya a bayanta, ka girgiza. In ka ji wasa, tayarod ne ko rak. Ka sake kama ta sama da ƙasa, in ta yi wasa, boljoyin ne ko boris. Hukuncin wannan, a ganina, ba shi da sassauci: motar ba ta tafiya ko'ina sai gareji, domin idan tayarod ya tsinke ana gudu, tayar sai ta nufi inda ta ga dama, sitiyarin da ke hannun direba kuwa ya zama ba shi da iko a kanta. Wasu sukan doddoke kan tayarod da guduma, ko su cusa masa roba, don kukan ya lafa a yi lodi ɗaya. Wannan ganganci ne da cin amanar fasinja, tun da an kashe shaidar ne kurum, cutar tana nan. Sai a saka sabo, a ɗaure notinsa, a mayar da fin ɗin da ke hana shi kwancewa, daga nan a wuce wajen masu alaimen, in ba haka ba motar za ta riƙa ja gefe ɗaya, tayoyin gaba kuma su cinye ta baki ɗaya tun lokacinsu bai yi ba.