Lissafin Alwatika a Aikin Katako: Yadda Na Haɗa wa Ƙamus Mazauni

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa ɗaukar ƙamusun Bargery, wanda aka buga a shekarar 1934, ya san nauyinsa, domin shafukansa sun haura dubu. Idan aka shimfiɗa shi a kan tebur, sai mutum ya sunkuya kafin ya karanta ƙananan baƙaƙensa, wuya kuwa ya yi ta ciwo. Wannan ne ya sa a hutun da ya gabata na ƙudiri aniyar haɗa masa mazauni na katako mai gangare. Manufar wannan maƙala ita ce nuna yadda ake gano awon katako tun kafin a ɗora masa zarto, tare da gwada bayyana wannan lissafi da Hausa.

Kuskuren Farko

Fasalin mazaunin ba shi da wuya: katako guda mai tsawon santimita 40 wanda littafin zai kwanta a kai, sai alwatika biyu da za su tallafe shi dama da hagu. Da farko kintata tsayin na yi, na yanka santimita 30. Da na ɗora ƙamusun sai ya miƙe kamar zai faɗo mini a jiki. Katakon da na saya da kuɗin abincina ya tafi a banza. Wani dattijon kafinta da na kai wa kuka ya ce mini, “Yaro, ai ido ba mudu ba ne. Koma ka auna.” Daga baya na gano cewa gangaren ya kai kusan digiri 49, alhali digiri 30 nake bukata.

Kalmomin Aiki

Ana kiran wannan fanni tirigonometiri, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma’anar “alwatika” da “awo”. Saboda haka na zaɓi in kira shi lissafin alwatika. Alwatikar da muke aiki da ita tana da kusurwa guda mai digiri 90, tana kuma da gefe uku: gindi, wato wanda ke kwance a kan tebur, tsayi, wato wanda ke tsaye, da gangare, wato dogon gefen da littafi ke kwanciya a kai. Kusurwar da ta dame mu ita ce wadda ke tsakanin gindi da gangare. Ga ƙa’idoji uku:

1. Sayin: tsayi a raba da gangare.
2. Kosayin: gindi a raba da gangare.
3. Tanjan: tsayi a raba da gindi.

Akwai abin sha’awa a nan ga ɗalibin harshe. Kalmar sayin ta fito daga Latin, inda masu fassara na ƙarni na 12 suka yi amfani da ita a madadin “jaib” ta Larabci. Ita kuwa wannan “jaib” ɗin, daga gare ta ne Hausa ta aro kalmar “aljihu”.

Yadda Na Yi Lissafin

Abu biyu na sani: gangare santimita 40, kusurwa digiri 30. Kalkuletar da ke cikin waya ta nuna cewa sayin na digiri 30 shi ne 0.5, kosayin 0.866, tanjan kuma 0.577.

Don samun tsayi, sai a ninka gangare da sayin: 40 sau 0.5 ya ba da santimita 20.

Don samun gindi, sai a ninka gangare da kosayin: 40 sau 0.866 ya ba da santimita 34.6.

Kafin in yanka, na tabbatar da amsar da ƙa’idar Fitagoras. 20 sau 20 ya ba da 400, 34.6 sau 34.6 ya ba da kimanin 1,197. Jimilla 1,597, wadda ta yi kusa ƙwarai da 40 sau 40, wato 1,600. Ɗan bambancin ya faru ne saboda ƙananan lambobin da na zubar.

Wajen Yanka

Na zana murabba’i mai santimita 34.6 a kwance da 20 a tsaye, na ja layi daga wannan kusurwa zuwa wadda ke fuskantar ta, na bi kan layin da zarto. Yanka ɗaya ya ba ni alwatika biyu iri ɗaya, babu asarar katako. Wanda ba shi da ma’aunin kusurwa kuwa, tanjan zai fitar da shi: ya auna santimita 10 a kwance, ya hau 5.8 a tsaye, ya haɗa da layi, ya sami digiri 30. A ƙarshe na goge bakin da samfefa, na shafa gam, na buga ƙusa, sannan na kafa siririn katako a ƙasan gangaren don ya tare littafin.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa gefe ɗaya da kusurwa ɗaya sun isa a gano sauran awon. An kuma ga cewa Hausa ba ta gaza ɗaukar wannan ilimi ba, ko da yake kalmomin da na kawo shawara ce kawai, ’yan’uwa ɗalibai da malamanmu na iya gyarawa. Ga aikin gwaji: idan gangaren santimita 50 ne, kusurwar kuma digiri 30, nawa ne tsayi da gindi? Wanda ya sami 25 da 43.3, to ya ɗauko zarto.