Na'urar Sansano Gas: Me Ya Sa Ake Daidaita Ta?

Hancin ɗan Adam ba abin dogaro ba ne wajen gano iska mai guba. Gas ɗin kabon monoksaid ba shi da wari ko launi, amma ƙarfin da yake manne wa himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini, ya ninka na oksijin sau 200 ko fiye. Haidirojin salfaid kuwa, wanda ake samu a matatun mai da ramukan masai, yana da warin baragurbi. Sai dai idan ya kai kimanin kashi 100 cikin miliyan yakan dakushe jijiyoyin hanci, mutum ya zaci warin ya wuce alhali haɗarin ne ya ƙaru.

Saboda haka ne a da masu haƙar kwal a Birtaniya suke shiga rami da tsuntsun kanari, bisa shawarar masanin numfashi John Scott Haldane. Da zarar tsuntsun ya galabaita, sai kowa ya fita. A shekarar 1986 aka daina amfani da shi, na'urori suka gaje shi.

Ɗaya daga cikin waɗannan na'urori tana da siririyar wayar filatinam mai zafi. Idan gas mai kama wuta, kamar mitan, ya ƙone a jikin ɗan ƙwallon da ke rufe da wayar, zafinta yakan ƙaru, na'urar ta mayar da wannan ƙari zuwa lamba. To, amma yau da gobe ba ta bar komai ba. Tururin silikon ko na darma yakan lalata ƙwallon, ƙura kuma ta toshe ƙofar shigar iska. Na'urar tana nan a kunne, amma lambar da take nunawa ta gaza gaskiya.

Maganin wannan shi ne daidaitawa, kuma mataki biyu ne, kamar yadda ake gwada sikelin kasuwa. Da farko a tabbatar sikeli yana kan sifiri in babu kaya. Haka ake ba na'urar tsabtatacciyar iska a saita ta kan sifiri. Sannan a ɗora dutsen awo wanda aka san nauyinsa. A nan dutsen shi ne gas na cikin silinda wanda aka san adadinsa. Mitan yana fara iya fashewa idan ya kai kashi 5 cikin 100 na iska, kuma wannan iyaka ita ake ɗauka a matsayin 100 a fuskar na'urar. Idan aka ba ta kashi 2.5 cikin 100, dole ta nuna 50. In ta saɓa, a gyara. In ta ƙi gyaruwa, a canza ƙwallon. Bayan wannan, kafin fara aikin kowace rana akan fesa mata gas kaɗan don a ji ko ƙararrawarta za ta kaɗa.

Ga aiki ga ɗalibai. An saita ƙararrawar wata na'ura ta kaɗa a kan 20. Da aka ba ta gas na 50, sai ta nuna 35. Nawa ne ainihin gas ɗin da ke wurin aiki lokacin da take nuna 14? Shin ma'aikatan da ke ciki za su ji ƙararrawa a lokacin?