MAI KITSO DA UWAR ƊAKINTA: DARASI A KAN LADA DA SALLAMA

Kafin a soma darasin nan, sai wani ya karanta Farawa sura 31 da ƙarfi, kowa ya ji. Wanda ya sami dama ya karanta tun daga sura 29 a gida.

'Yan'uwa, a cikin ekklesiyoyinmu akwai mata da yawa waɗanda da tsinken kitso su ke ciyad da kansu. Da can mai kitso ta kan zauna a tsakar gida bisa tabarma, ta yi wa mace shuku ko zane, a ba ta ladanta, shi ke nan. Yanzu kuwa aikin ya shiga shago. Akwai haya, akwai kuɗin wuta, akwai janareta da na'urar busad da gashi, ga kuma mutum biyu suna jiran kuɗin kai ɗaya. Daga nan saɓani ya kan tashi. Bari mu ga inda ya ke somawa, da yadda a ke kashe shi.

1. Abin da ya faru

Bara aka kawo wata magana gaban dattawan ekklesiyarmu. Ba zan faɗi suna ba. Wata gwauruwa ce mai shagon gyaran gashi, da wata yarinya marainiya wadda ta ɗauka. Yarinyar ta yi shekara 2 tana koyo, ba lada, sai abincin rana da kuɗin sabulu. Da hannunta ya faɗa, uwar ɗakin ta ce mata, "Daga yau mu riƙa yin rabi da rabi." Ba wanda ya ji sai su biyu, ba a kuwa rubuta kome ba.

Da fari lafiya lau. Amma a shekarar 2023, sa'ad da gwamnati ta janye tallafin man fetur, kuɗin tad da janareta ya hau ƙwarai. Uwar ɗakin ta soma cire kuɗin fetur da na man gashi kafin a raba. Ba ta yi shawara da yarinyar ba. Bayan 'yan watanni ta soma cirewa daga rabon yarinyar kaɗai. Da aka zo cinikin Kirsimati, lokacin da masu kitso su kan kwana a tsaye, ta riƙe rabonta duka, ta ce ajiya ta ke yi mata.

Yarinyar ba ta ce uffan ba, gama tana jin kunya. Amma ta soma raɗa wa masu zuwa kitso su same ta a gida da yamma. Cikin watan Janairu, ran nan da safe, ba ta zo shago ba. Ta tafi da ƙaramar na'urar busad da gashi, ta ce jingina ce har a biya ta. Su biyu kuwa suna cikin zumuntar mata ɗaya. Wata uku ba su gaisa ba, ɗayarsu ma ta daina zuwa Jibin Ubangiji.

A gaban dattawa yarinyar ta ce, "Mama, rabi da rabi muka yi da ke. Shekara uku ina tsaye tun safe har dare, yatsuna suna kumbura, amma abin da ni ke ɗauka kullum raguwa ya ke yi."

Uwar ɗakin ta amsa ta ce, "'Yata, wa ya koya miki riƙon tsinke? Wa ke biyan haya ran da ba ciniki? Kin kwashe mini mutane, kin tafi ko sallama babu, sai ka ce ɓarauniya."

Mai karatu, wa ke da gaskiya? Kada ka yi saurin yanke shari'a.

2. Tsohon labari ne

Yakubu ma a gidan dangi ya yi aiki. Da ya yi wata ɗaya a Haran, kawunsa Laban da kansa ya tad da maganar lada, abin kirki ke nan. Amma bai tsaya a kan maganarsa ba. Yakubu ya yi masa shekara 20, watau 14 domin Lai'atu da Rahila, 6 kuma domin garke, cikinsu kuwa aka sāke masa lada har sau 10. In naman jeji ya kashe dabba, Yakubu ne ya kan ɗauki hasarar. A ƙarshe ya kwashe iyalinsa da dabbobinsa ya tafi a ɓoye, Rahila kuma ta ɗauke gumakan ubanta. Sai a rana ta uku Laban ya ji, ya bi su tafiyar kwana 7, ya tarad da su a dutsen Gileyad.

Ku duba yadda labarin biyu su ke tafiya tare. Mai gida yana sāke lada shi kaɗai. Ma'aikaci yana haɗiye fushi. Sa'an nan gudu a ɓoye, da ɗaukar abin da ba nasa ba. Laifin babba ne ya fara, amma laifin babba bai wanke na ƙarami ba.

Ku duba kuma ƙarshensa. Sai da suka tsaya ido da ido, kowa ya faɗi abin da ke cikinsa. Suka tara duwatsu domin shaida, suka ci abinci tare. Da safe Laban ya sa wa 'ya'yansa da jikokinsa albarka, ya koma gida. Ba su sāke zama tare ba, amma sun rabu da sallama.

3. Gardamar tun ranar fari aka shuka ta

Dattawa suka ga cewa ba fetur ne ya raba matan nan ba. Abin da ya raba su shi ne kalman nan "rabi", wadda ba wanda ya fassara ta. Bari mu yi lissafi. A ce an yi kitson naira 4,000, an kuwa kashe naira 1,000 wajen fetur da man gashi.

Idan an raba kuɗin yadda ya shigo, kowa ya ɗauki 2,000, mai shago ta biya fetur daga nata.

Idan an cire abin da aka kashe tukuna, kowa ya ɗauki 1,500.

Idan daga rabon mai kitso kaɗai aka cire, sai ta tashi da 1,000.

Dukansu uku ana iya kiransu rabi da rabi. Amma in ta yi kai 10 a mako, tsakanin na fari da na uku akwai naira 10,000. Ba ƙaramin kuɗi ba ne ga marainiya. Ba ƙarami ba ne kuma ga gwauruwa mai biyan haya.

Hanya uku a ke yin aikin shago. Ta fari, albashi: mai shago ta kan biya abin da aka yanka kowane wata, ko da ciniki ko babu, riba da hasara nata ne. Ta biyu, kaso: a raba kuɗin kowane kai. Ta uku, hayar kujera: mai kitso ta biya kuɗin wuri, abin da ta samu duka nata ne, ita ke sayen kayan aikinta. Kowace hanya daidai ce, in dai an yarda da ita a fili. Wahala ta kan zo sa'ad da mai shago tana lissafi da hanya ɗaya, mai kitso kuwa da wata.

Domin haka, ran da za a soma aiki, a zauna a amsa waɗannan: Nawa ne rabon kowa, kafin cire kuɗin kaya ko bayansa? Wace rana a ke biya? Kyautar da mace ta ba mai kitso don jin daɗin aikinta, ta wa ce? In abu ya lalace, wa zai biya? Tana da izinin yin kitso a gida? In za a rabu, kwana nawa za a ba da sanarwa? A rubuta amsoshin a takarda biyu, kowa ta sa hannu a gaban shaidu, kowa ta riƙe ɗaya. A ajiye kuma littafi a shago, a riƙa rubuta kowane kai da kuɗinsa.

Wata za ta ce, "Ai uwata ce, ina ni ina neman takarda a wurinta?" Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kunyar rabin sa'a ta fi gabar wata uku sauƙi. Kuma tun da shi ke ƙarama ba ta iya buɗe baki, babbar ce ya kamata ta fara tad da maganar. In tsadar kaya ta sa dole a sāke rabo, a sāke shi a zaune, da yardar su biyu.

4. Abin da dokar ƙasa ta ce

Yana da kyau masu bi su san doka. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ce mai ba da aiki ya ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata 3 da somawa. Ta ce kada tsakanin biya da biya ya wuce wata ɗaya. Ba ta yarda mai gida ya ci ma'aikaci tara bisa ga ganin damarsa ba.

Ta kuma yanka kwanakin sanarwa ga mai sallama da mai tashi duka. Wanda aikinsa bai wuce wata 3 ba, kwana 1. Daga nan zuwa ƙasa da shekara 2, mako 1. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako 2. Shekara 5 ko fi, wata 1. Sanarwar mako ɗaya ko fi, a rubuce za a ba da ita, a kuma biya ladan da ya rage kafin kwanakin su cika. Wannan domin ma'aikaci ne. Mai hayar kujera kuwa, alkawarin da ta yi da mai wuri shi ke riƙe ta.

Kada kuma wata ta dogara ga mafi ƙarancin albashi. An yanka shi naira 30,000 a 2019, aka ɗaga shi zuwa 70,000 a 2024, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ko masu aikin kaso. Yawancin shagunan kitso suna waje da ita. Saboda haka takardar da kuka rubuta tsakaninku ita ce garkuwarku.

Tun kafin dokokin nan, Kubawar Shari'a sura 24 ta hana a riƙe ladan matalauci har rana ta faɗi, domin a kansa ya sa rai. Sura 15 kuma ta umurci mai gida kada ya sallami baransa hannu wofi.

5. Yadda a ke tashi

Ba laifi ba ne mai kitso ta so ta buɗe nata wuri. Wadda ta koya wa yarinya sana'a, ta koya mata domin wata rana ta tsaya da ƙafafunta. Uwar ɗaki ta san wannan tun fari, kada ta mai da alherinta igiya.

Mai tashi kuwa ta faɗa wa uwar ɗakinta kafin kowa ya ji. Ta cika kwanakin sanarwa da aiki mai kyau. Kada ta zaɓi makon Kirsimati ko na Salla ta tafi. Kada ta ɗauki ko da mataji, ko tana bin bashi. Masu zuwa kitso ba dukiyar kowa ba ne, kowace mace ta kan kai kanta inda ta ga dama. Amma janye su a ɓoye, kana cikin shagon mutum kana cin abincinsa, cin amana ne.

6. Yadda aka shirya su

Da shi ke babu littafi, sai da dattawa biyu da shugabar zumuntar mata suka yi zama uku suna lissafi daga abin da kowa ta tuna. Uwar ɗakin ta yarda ta yi kuskure wajen sāke rabo ita kaɗai, ta biya kuɗin Kirsimati cif. Yarinyar ta yafe abin da aka cire a baya, gama ta gane fetur ɗin da gaske aka saya. Ta mai da na'urar, ta durƙusa ta roƙi gafara saboda tafiya ba sallama. Ta kuma koma ta yi mako 2, har aka sami wata a madadinta. Ran da ta cika, uwar ɗakin ta ba ta madubi da kujera ɗaya, ta sa mata albarka.

Kada mu ce kome ya koma kamar da. Shagon ya rasa waɗansu mutanensa, yarinyar kuma yanzu ta san nauyin haya. Amma suna gaisawa, kuma ran Jibin Ubangiji su biyu suna nan.

TAMBAYOYI

1. Me ya hana yarinyar yin magana sa'ad da aka fara rage mata rabo? Me ya kamata ta yi?

2. A wane wuri Laban ya yi daidai, a wane wuri kuma ya yi kuskure?

3. In mutum yana bin ka kuɗi, yana da iko ya riƙe kayanka ba da saninka ba?

4. Kai mai teburin ɗinki, ko mai garejin gyaran mota, ko mai gona, yaronka ya san ainihin ladansa da ranar biyansa? In bai sani ba, yaushe za ka zauna da shi?

A rufe da addu'a domin masu ba da aiki da masu yin aiki na cikin ekklesiyarku, musamman waɗanda ba su gaisawa yau saboda kuɗi.