Jan Kifin Oti a Akwatin Gilashi

Duk wanda ya fara sha'awar kiwon kifin ado, mbuna ake fara yi masa talla, wato ƙananan kifayen tafkin Malawi masu zama a kogon duwatsu. Suna da kyau, amma kafin su iso nan garin Mango daga Lome sun sha hanya, aljihu ma ya sha. Ni dai shawarata, ka fara da na gida.

Ka je wurin masunta a bakin kogin Oti, ka ce su ajiye maka ɗan jan kifin nan dangin karfasa, mai ɗigo-ɗigon shuɗi a jiki, wanda masana ke kira Hemichromis. Da wuya ya wuce santimita 10, sai dai faɗa kamar zakara. Sami ƙanana shida ka zuba a akwatin gilashi mai cin lita 100. Idan biyu suka ware suna korar saura, ka sami ango da amarya, sai ka kwashe ragowar tun ba a yi kisa ba.

Shimfiɗa rairayi wankakke, ka jera duwatsu da tsingaro yadda mace za ta sami maɓuya, ka kuma ajiye dutse guda mai faɗi. A kansa za ta zuba ƙwai ɗaruruwa bayan sun share shi da baki. Cikin kwana 2 zuwa 3 ƙwan ke ƙyanƙyashewa, uwa da uba na gadi tare. Kada ka sa hannu a lokacin, suna cizo. Idan 'ya'yan suka fara iyo, murje musu ɗan gwaiduwar dafaffen ƙwai, kaɗan ƙwarai, don tana saurin ɓata ruwa. Manya kuwa tana da tsutsar sauro sun ishe su.

Littattafan Turai na ta maganar na'urar ɗumama ruwa. Mu a nan zafin Maris da Afrilu ne abin tsoro, lokacin da awon zafi ke kai digiri 40, ga wuta na ɗaukewa. Ruwan da ya yi zafi iskarsa raguwa take yi. Nisanta akwatin daga taga, ka rage ciyarwa, ka sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako. Ruwan famfo kuma sai ya kwana biyu a randa a buɗe, kulorin ya fita. Da hunturu, ka rufa wa akwatin bargo da dare.