Yadda Ake Sa Wa Yaro Shauƙin Karatu: Amsa Ga Wani Uba Daga Balan

Wani magidanci daga Balan, cikin ƙasar Gaya, ya aiko yana kukan cewa ɗansa ya kai aji shida na firamare, kuma ya yi nisa a allo, amma in ba jarrabawa ce ta ƙarato ba, ko duban inda littafi yake ba ya yi. Ita kuwa yayar yaron, wadda ta tasa, dare da rana idonta na kan waya.

Malam, kafin a ɗora wa yaro laifin lalaci, ya kamata a dubi ta inda rubutu ya fara riskarsa. Galibin 'ya'yanmu na karkara ta ƙofa biyu suke saduwa da shi, kuma dukansu na wajibi ne: ga makarantar allo, inda maƙasudi shi ne tilawa da hadda da ladabi, alhali fassara sai an girma, ga kuma ta boko, inda akasarin littattafai da Turanci suke, harshen da ba ya ji a gida ko a gona, har ya zamana aikinsa bai wuce kwafar abin da malami ya rubuta a allon bango ba. Yaron da ya shekara shida a haka ya iya haɗa baƙi, amma tun da bai taɓa karanta wani abu ya ƙyalƙyale da dariya ba, ko gabansa ya faɗi don tsoron abin da zai sami jarumin labari, ina zai san cewa akwai daɗi a cikin takarda?

Magabata sun fahimci wannan illa. Shi ya sa a shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Dokta East, ta sa gasar ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga bisani Imam ya wallafa Magana Jari Ce, juzu'i uku, domin 'yan makaranta. Duk wanda ya yi muɗala'ar juzu'i na farko zai tuna cewa da labari aku ya riƙa tsare ɗan sarki, dare bayan dare, har ya hana shi fita. To, dabarar akun nan ita nake ba ku shawara ku ara.

Idan kaka ta wuce, gero da dawa suka shiga rumbu, ku keɓe kamar rubu'in sa'a bayan sallar isha'i, ku shimfiɗa tabarma, ku tara yaran gida, ku karanta musu labari da Hausa, da murya mai tashi da sauka kamar yadda kakanninsu mata suke yin tatsuniya. In kun zo daidai inda labari ya yi zafi, inda kowa ya miƙa wuya, sai ku rufe littafin ku ce sai gobe, sa'an nan ku bar shi nan kan tabarma kusa da fitila, kada ku mayar da shi akwati. La'alla ba za a daɗe ba ku tarar da yaron ya ɗauka a ɓoye, yana bin layi da yatsa don ya riga 'yan'uwansa sanin ƙarshe. In kun gani, ku kau da kai. Kada kuma ku titsiye shi da tambayoyi irin na mai jarrabawa, domin da zarar hira ta koma darasi, shauƙin ya tafi.

Idan uba bai yi boko ba, wannan ba uzuri ba ne, bal ma wata fa'ida ce: yaron ya karanta masa, shi kuma ya saurara da gaske, ya yi mamaki inda ya dace. Kuma kada a bar uwa a baya, domin tun zamanin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda malamanta mata da ake kira jaji suka riƙa kai waƙoƙin ilimi ga matan ƙauyuka, an san cewa ta hannun mata karatu yake zama a gida.

Littafi ya yi tsada, haƙiƙa. Amma gida biyar ko shida na iya yin adashi, duk wanda zai shiga Kano a ba shi saƙo ya sayo ɗaya a Kasuwar Kurmi ko Sabon Gari, a ajiye su cikin akwatin ƙarfe saboda gara, a riƙa ara bi da bi. Littafin da ya dawo da bango a yage, ku ɗinke shi kawai, kada a yi duka. Ga yaro namiji a fara da Iliya Ɗan Mai Ƙarfi na Ahmadu Ingawa. Ku kuma ba shi labarin da ake ruwaitowa na maƙeran Abagayawa da suka tashi daga Gaya neman tama suka sauka a gindin Dala, sa'an nan ku nemo masa Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji ya bi sauran tarihin da kansa.

Amma fa sha'anin yarinyar daban ne, don mai yiwuwa karatu take yi, tun da littattafan soyayya da Kano ta shahara da su, irin na Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, yanzu magadansu sun koma WhatsApp, mai kyau da maras kyau a gauraye. Ƙwace waya ɓoyo kawai zai koya mata. Mafi maslaha shi ne mahaifiyarta ko gwaggonta ta nemi jin abin da take karantawa, su tattauna a kansa cikin sakin fuska, ta yadda in an ci karo da alfasha za a yi nasiha, in kuwa labarin mai ma'ana ne a miƙa mata Shaihu Umar ta gwada.

Kada ku ji tsoron cewa karatun Hausa zai raunana Turancinsu, domin wanda idonsa ya saba gudu a kan layi cikin harshen uwarsa, da wannan sabo yake shiga wani harshe. Sai dai idan kun lura yaron yana kanne ido, ko yana kai takarda dab da hancinsa, ko yana kukan ciwon kai in ya ɗan jima yana dubawa, to ku fara kai shi asibiti a gwada ganinsa tukuna.