Ciwon Sanyi da Rashin Haihuwa

A ƙasar Adar, in aure ya shekara biyu ko ukku babu ciki, sai ka ji ana cewa: "Matar nan juya ce." Da wuya a tambayi lafiyar miji. To, Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta bayyana a shekarar 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa, maza da mata duka. A ƙasashenmu, ɗaya daga cikin manyan dalilai shi ne ciwon sanyi da ba a yi ma magani ba.

Ciwon sanyi ba ruwan sanyi ke kawo shi ba, ba kuma iska ba ne. Ƙwayar cuta ce ƴar mitsitsiya, wadda wani likitan Jamus, Albert Neisser, ya gano a 1879. Tana da ƴar'uwa mai suna kilamidiya. Dukansu ta wurin saduwa ake ɗaukar su.

Namiji yakan gane da wuri, don yana jin zafin fitsari, ko ya ga mugunya. Mace fa? Sau da yawa ba ta jin komi. Cutar sai ta yi ta hawa a ɓoye, daga bakin mahaifa har ta kai ga ƴan hanyoyi biyu da ƙwan mace ke bi. Nan sai su kumbura, su yi tabo, su toshe. Ƙwai ba ya wucewa, balle ya gamu da maniyyi. In hanyar ba ta toshe gaba ɗaya ba, ciki na iya zama a cikinta, waje da mahaifa, wannan kuwa yana iya kisa. Shi ma namiji, in cutar ta sauka ga maraina, hanyar maniyyinsa na iya toshewa. Magani yana kashe ƙwayar, amma ba ya goge tabon da ta bari. Shi ya sa jinkiri ke da tsada.

Mun san samari da magidanta na Buza, Keita da Madawa suna tafiya bida, Abijan, Najeriya ko Libiya. Wanda ya dawo da alamar ciwon, kada ya tsaya ga mai tebur ya sayi kafso biyu ya haɗiye. Zafin zai lafa, ƙwayar na nan, har ma ta koyi jure magani. Ya tafi likita, CSI ko asibitin Buza, ya faɗi gaskiya. Kuma a yi maganin tare, miji da matansa duka, ko su huɗu ne, in ba haka ba cutar kewayawa za ta yi ta yi cikin gida. A dakata da saduwa kwana 7 bayan magani.

Amma a lura, ba kowane farin ruwa na mace ne ciwon sanyi ba. Likita ke bambantawa, ba kishiya ko uwar miji ba. In an shekara guda ana tare babu ciki, miji da mata su je awo su biyu.